Amsoshin Tambayoyinku: 'Yan Raino, Gado da Gonar Bakin Daji

Tambaya: Ni malamar firamare ce a Birnin Gwari. Wata ƙanwata da ke karatu a Kaduna ta kawo mini wani tsohon littafin yara na Turanci da ta saya a gwanjo. Labarin wasu 'yan mata ne masu rainon yara, da aka tafi da su wani tsohon gida da wasu iyali suka gada. Da dare sai a riƙa jin motsi da ihu, ana cewa fatalwa ce, ashe wani ɗan uwan masu gidan ne yake son ya firgita su su gudu, gidan ya zama nasa. Na riƙa ba ɗalibaina labarin da Hausa, babi bayan babi, har ba sa son a kaɗa ƙararrawar tashi. Yanzu ina sha'awar in rubuta irinsa a garinmu. Shin zai zaunu a ƙasar Hausa? Rikicin gado magana ce da ta dace da yara? Kuma in sa dajinmu a ciki, ko in kauce masa saboda halin rashin tsaro da muka shiga? Daga wata malama, Birnin Gwari.

Amsa: Allah ya saka miki da alheri, ya kuma ƙara wa Birnin Gwari zaman lafiya.

Littafin da ya faɗo hannunki yana cikin jerin The Baby-Sitters Club, wanda wata Ba'amurkiya mai suna Ann M. Martin ta fara a 1986 a ƙarƙashin kamfanin Scholastic. Jerin ya ci gaba har 2000. Manyan littattafansa 131 ne, ban da wani reshe na labaran bincike mai littafi 36, kuma an sayar da kwafi fiye da miliyan 170. Mai tsohon gidan nan na jihar Maine ya fito a 1995. Ba Martin ce ta rubuta su duka da hannunta ba, don bayan 'yan shekarun farko wasu marubuta ne suka riƙa rubutawa da sunanta. Na kawo wannan ne don ki san irin wannan littafi yana da ƙira da ake koyo, kuma wadda ta riƙe aji da baki har yara suka manta da tara, ta riga ta yi rabin karatun.

Zai zaunu, amma sai kin cire masa abu ɗaya, wato takardar wasiyya. A mafi yawan jihohin Amurka mutum yana iya rubuta wasiyya ya ba wanda ya ga dama dukiyarsa, ya hana ɗan cikinsa, ko ya gindaya sharaɗi ya ce gida na wane ne muddin ya zauna a ciki. Shi ya sa labaransu na gado suke zagaye da takarda: ina take, me ta ce, wa ya ɓoye ta. Littafin Ellen Raskin, The Westing Game, na 1978, wanda ya ci lambar Newbery a 1979, haka aka gina shi gaba ɗaya: attajiri ya tara mutum goma sha shida, ya ce wanda ya warware masa wani kacici-kacici shi zai gaji dala miliyan 200. In kika ɗauko wannan kika dasa a gidan Musulmi a Magajin Gari ko Kuyello, ɗan aji biyar da ke zuwa Islamiyya da yamma zai kama ki. A wajenmu an riga an gama rabo a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da 12 da 176. Wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yin ta ga magaji sai in sauran magada sun yarda. Ko da yarinyarki ta tsinci takarda a ƙarƙashin gadon kaka, ba za ta juya rabon da ka ba.

Kada wannan ya karya miki gwiwa. Tunda rabo a bayyane yake, ɓoyon da ke cikin rigimar gado a ƙasarmu yana gaban rabo ne. Me mamacin ya bari, wanne ne nasa wanne ne ajiya? Wa yake binsa bashi, wa yake bi? Su wa da wa ne magada? Kai, shi ma mamacin, ya mutu kuwa? Kowace ɗaya daga cikin waɗannan ta isa littafi guda.

Ga wani lissafi ki gani. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya mata biyu da ƙaninsa shaƙiƙi, iyayensa sun riga shi. Bayan an fitar da kuɗin jana'iza, an biya bashi, an zartar da wasiyya in akwai, abin da ya rage ya kai naira 2,400,000. Matar tana da tumunin takaba, 300,000. 'Yan matan biyu suna da kashi biyu cikin uku, 1,600,000. Sauran 500,000 na baffansu ne. To amma a ce matar tana da ciki. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu suke bi, ana dakatar da rabo har ta haihu. In mace ta haifa, su ukun za su raba 1,600,000 ɗin nan, baffa yana nan da rabonsa. In namiji ne, matar ta ɗauki 300,000 ɗinta, yaron ya sami 1,050,000, kowace yarinya 525,000, baffa kuma ko sisi ba shi da shi, ɗan ya katange shi. Kin ga jaririn da ke bayan 'yar rainonki, ɗaure da majanyi yana barci, shi ne ya sauya lissafin gidan duka. Marubucin Amurka sai ya yi dabara kafin ya haɗa rainon yaro da rigimar gado. Ke shari'a ta haɗa miki su kyauta.

Sai maganar abin da ya shiga gado da wanda bai shiga ba, kuma a nan ne yarinya take fin manya sani. Kayan ɗakin mace nata ne. Awakin da ta saya da kuɗin adashi ko na ƙuli-ƙuli nata ne, ko da a garken mai gida suke kwana. Ragowar sadakin da ba a biya ta ba bashi ne a kan mamaci, ana fitar mata da shi kafin rabo. Gonar da aka ba mutum aro ko jingina ba tasa ba ce, ko ya shekara talatin yana noma ta. Kyautar da uba ya yi wa ɗa da baki, in ɗan bai karɓa ya mallaka ba har uban ya rasu, ta koma cikin gado. Ɗan riƙo da agola ba sa gadon mai gida komai daɗewarsu a hannunsa, haka ɗan uwan shayarwa, sai dai in an yi musu wasiyya cikin sulusi. Akwai kuma wadda ta fi ba yara tausayi in sun fahimce ta: jikan da ubansa ya riga kakansa rasuwa ba ya gadon kakan in baffanninsa suna raye. Masar ta yi doka a 1946 da ta wajabta wa irin wannan jika wasiyya, amma mu a nan sai in kakan ya yi da kansa. To ga inda wasiyya za ta yi miki aiki: tsoho ya faɗi a gaban mutum biyu cewa a ba jikarsa marainiya gindin ɗorawar nan da ke gabas da gona, ɗaya daga cikin shaidun ya rasu, ɗayan kuma rikici ya kore shi zuwa Funtuwa ko Tegina, ba wanda ya san unguwar da ya sauka.

Dalilin da ya sa 'yar raino ta dace da bincike a garin Hausawa ya fi na 'yan matan Amurka ƙarfi. Su can ƙungiya suka kafa, suna da waya, ana kiransu, ana biyansu da awa. Taki ba ta bukatar a kira ta. Ita ce ake aika da saƙo gidan da namiji baligi ba ya shiga, ita ce ke kai kuɗin zubi, ita ce ke tsaye a zaure da goyo tana jijjiga shi alhali maza suna magana, ba wanda ya ɗauke ta mai kunne. Wata mai bincike, Enid Schildkrout, ta zauna a Kano a shekarun 1970 ta yi rubutu a kan haka: yadda yara suke zama ƙafar matan kulle, su ne ke ɗaukar kaya da kuɗi da labari daga gida zuwa gida. Abin da ta bayyana wa Turawa, ke a cikinsa kika tashi. Yarinya ta san akuyar da ke da tsaga a kunnen hagu ta wace ce. Ta san ranar da aka fita da buhunan masara da asuba, don ita ta farka tana lallashin yaro.

Ki dai yi gaskiya a kan rayuwarta. Da yawa daga 'yan raino an ɗauko su ne daga ƙauye, ba sa zuwa makaranta, kuɗin aikinsu ma ba hannunsu yake shiga ba. In kika yi 'yan mata uku, bari ɗaya ta zama 'yar gida mai goyon ƙaninta bayan an taso, ɗaya 'yar riƙo, ɗaya kuma 'yar aiki da ba ta iya karatun boko ba amma ta iya ajami ko lissafin ka fiye da sauran. Ba sai kin yi wa'azi a kai ba, yaran ajinki za su gane da kansu.

Akwai wani shinge da shari'a ta sa miki, ni kuwa ina ganin alheri ne ga labarin. Ba a karɓar shaidar yaro a kan dukiya. Malikiyya sun yarda da shaidar yara a tsakaninsu kawai, a kan rauni ko kisa, kafin su watse ko babba ya shiga tsakaninsu. A maganar dukiya sai maza biyu adilai, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya da rantsuwar mai ƙara. Saboda haka kada ki rubuta babin da yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya za ta miƙe a gaban alƙali ta tona asirin baffa, jama'a na tafi. Wannan fim ne. Aikinta shi ne ta gano gaskiya, sannan ta gano babban da zai iya ɗaukar gaskiyar nan ya kai ta inda za a saurara. Na biyun ya fi wuya, don akwai kunya, yarinya ba ta kallon idon baffanta ta ce ƙarya yake. Amma al'ada ta bar mata ƙofa ɗaya a buɗe, wato wasan jika da kaka. Abin da ba za ta iya faɗa wa uwarta ba, tana iya jefa wa kakarta cikin zolaya, tsohuwa ta yi dariya, ta kwana tana juya maganar, washegari ta yafa mayafi ta nufi gidan mai unguwa. Da ni ke rubutawa, a nan zan sa ƙololuwar labarin.

Kin tambaya ko magana ce da ta dace da yara. Malama, yaran da ke gabanki sun riga sun san ta. A ajinki akwai wanda ya ga an shigo da masu ƙiyasta kaya tsakar gidansu bayan sadakar arba'in, akwai wadda aka raba ta da 'yan ɗakinsu aka kai ta wajen gwaggo. Abin da ba su sani ba shi ne ƙa'ida, cewa marayu suna da haƙƙi, cewa dukiyarsu amana ce a hannun mai riƙo har su mallaki hankalin kansu, cewa mace tana gadon gona kamar yadda take gadon kuɗi. Kuma ba baƙon abu ba ne a adabinmu. Tatsuniyoyin marainiya da kishiyar uwa sun girme mu duka. Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, maƙwabciyarku ta wajen Neja, a kan me ya gina littafin farko na Magana Jari Ce a 1937? Sarki ya tafi yaƙi, Waziri yana ƙulla makircin cin gadon sarauta, aku kuma yana tsare da Musa ɗan Sarki a gida, yana ba shi labari dare bayan dare don kada ya fita. In ba raino da rigimar gado ba, mene ne wannan?

Abin da zan roƙe ki a nan shi ne ki tausaya wa baffa. Mugu baƙi ƙirin yana da sauƙin rubutawa, amma yaron da ya karanta zai koma gida ya ci tuwo kwano ɗaya da 'ya'yan baffansa. A ce shanu shida na mamaci da ke wajen kiwo sun ɓace, kowa yana zargin baffa ya sayar ya ci. 'Yan matan suna bin sawu har su gano cewa lalle ya sayar, amma kuɗin fansar yayansa ya biya da su lokacin da aka taɓa ɗauke shi a hanyar gona, har ya ƙara da bashin da shi mamacin ya ɗauki alkawarin biya, ya kuma yi shiru saboda nauyin baki. Ga ɓoye, ga bashi a kan gado, ga kuma mutumin da mai karatu ya tsana babi takwas sai ya ji kunyarsa a na tara. In kina son mai laifi na gaske, ki nemo shi a waje, misali dillalin da ya ji ƙishin-ƙishin akwai zinariya a gonar yana son a sayar masa da arha kafin magada su farga. Ƙasar Birnin Gwari ta daɗe da sanin haƙar zinariya, ba sai kin yi dogon bayani ba. Ki dai sani, a tsarin mulki na 1999 da dokar ma'adinai ta 2007, abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne. Magada gonar suke gada, alƙali ba zai raba musu zinariyar da ke cikinta ba.

Sai dajin. Ki sa shi, amma kada ki tura yara cikinsa. Littafin da zai nuna 'yan mata uku sun sulale da dare sun shiga dajin Kamuku da tocila, sun dawo lafiya da amsa, ƙarya ce mai haɗari, kuma iyaye suna da gaskiya in sun ƙwace shi. Dajin nan murabba'in kilomita 1,121 ne, an keɓe shi tun 1936, ya zama gandun ƙasa a 1999, ga shi kuma haɗe da Kuyambana ta wajen Zamfara. Yawancin ɗalibanki ba su taɓa ganin Dogon Ruwa ko Goron Dutse ba, sai dai su ji a bakin tsofaffi. To haka ya kamata ya shigo littafin, a bakin kaka, da kuma ta hanyar abin da ya hana. Gonar gado tana bakinsa, an shekara da shekaru ba a taka ta ba. Gambar da ke kan iyaka ta haɗe da ciyawa, kukar da ake kwatance da ita ta faɗi, surin ya baje. Bayan sulhun da aka yi da 'yan bindiga a ƙarshen Nuwamba 2024, lokacin da Gwamna Uba Sani ya zo aka sake buɗe kasuwar kara, mutane sun fara komawa gonaki, kuma duk inda aka koma bayan dogon rashi sai an tambayi inda iyaka take. Wani zai ce ai ya daɗe yana noma wurin, hauzi ya ba shi. Hauzi kuwa shekara goma ne tsakanin bare, arba'in tsakanin dangi, kuma sai in mai abu yana nan, yana gani, ya yi shiru ba tare da wani abu ya hana shi magana ba. Wanda tsoro ya kora yana da uzuri. Yarinyar da ta riƙe wani wasan 'yar tsana da kakarta ta koya mata, wanda ke jera sunayen itatuwan gonar daga gabas zuwa yamma, tana ɗauke da taswira a ka ba ta sani ba. Ki ƙirƙiro wasan da kanki.

Akwai mas'ala ɗaya da dajin ya mayar ruwan dare a yankinku, ita ce ta wanda aka tafi da shi ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba, ba gawa, ba labari. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta yi bayanin wanda ya ɓata: matarsa ta kai magana gaban hukuma, a yi cigiya, a ɗiba mata shekara huɗu, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai an kai lokacin da irinsa ba ya wuce shi a raye, wanda a zance mafi shahara shekara saba'in ne daga haihuwarsa. Kafin nan a ajiye take, ana ciyar da iyalinsa daga ciki. Malaman mazhaba sun bambanta hukuncin wanda ya ɓata haka kawai da wanda aka kama da wanda ya ɓata a fagen fama, alƙali ne ke duba inda kowane ya faɗa. Ki duba irin labarin da ke cikin wannan: wasu suna gaggawar a ce ya mutu don a yi rabo, matarsa ta ƙi shiga takaba, 'yar raino kuma ta ji wani mai sayar da gawayi ya ambaci wani mutum mai tabo a goshi da ya gani a wani gari. Yana da nauyi ƙwarai, kuma a ajinki za a sami wanda wannan ne labarin gidansu. In za ki taɓa shi, ki taɓa a hankali, kada ki nuna duka ko jini, kada kuma ki yi alkawarin cewa kowane uba yana dawowa. A ganina ki ajiye shi sai littafi na biyu, bayan hannunki ya faɗa.

Ƙauyen da abin zai faru ki ƙirƙiro masa suna, ki bar Dogon Dawa da Randagi da Kakangi su zama wuraren da ake ambata a hanya. Kada ki ɗauko rigimar wani gida da aka sani a gari ki sauya sunaye kawai, za a gane, kuma ke za ki kwana a ciki. Kada kuma laifi ya zama na wata ƙabila. Makiyayin da aka ba kiwon shanun yana iya zama shi ne shaidan da ake nema, wanda ya riƙe lissafinsu a ka har da launin kowace saniya.

Idan kin gama, ki kai lissafin rabon wajen malamin da ya san fara'il ya duba miki shi lamba bayan lamba, don kuskure ɗaya a nan ya isa a ajiye littafin. Sannan ki karanta wa aji biyar da shida, babi ɗaya a rana, kowanne kada ya wuce abin da za a karanta cikin minti goma. Ki tsaya kafin babin ƙarshe, ki ba kowa takarda ya rubuta wanda yake zargi da dalilinsa. In duka suka cinka, kin bar alamu a fili da yawa. In ba wanda ya kusanto, kin ɓoye abin da ya kamata su gani, sai ki koma ki dasa shi a babi na biyu ko na uku. In kuwa kaɗan suka gano, sauran suka ce ai da ma sun so su faɗi haka, to ki nemi mai buga miki. Ki aiko mana da babi ukun farko mu gani.